Maɓallai Takwas: Yadda JAMB ta Daidaita Manhajar Jarrabawa da Hannun Ɗalibi

A shekarar 2015 ne hukumar JAMB ta ajiye takarda da fensir baki ɗaya, ta mayar da jarrabawar shiga manyan makarantu kan kwamfuta. Ɗalibai da dama, musamman waɗanda suka fito daga makarantun karkara, a ranar ne suka fara ɗora hannu a kan linzamin kwamfuta. Yaro ya san amsa sarai, amma ɗan kibiyar nan da ke yawo a fuskar na'ura ya ƙi tsayawa inda yake so, ga lokaci kuma yana tafiya.

Maganin da hukumar ta fito da shi a 2017, ƙarƙashin Farfesa Ishaq Oloyede, ba shi da tsada ko kaɗan. An sake tsara manhajar yadda ɗalibi zai gama jarrabawarsa da maɓallai takwas kacal: A, B, C da D domin zaɓen amsa, N domin wucewa gaba, P domin komawa baya, S domin miƙa aiki, sai R ga wanda ya fasa miƙawa. Wannan R ɗin ya fi sauran nuna basira, domin wanda ya sa shi ya san halin ɗan shekara sha bakwai da hannunsa ke rawa. Masana ƙirar manhaja suna kiran irin wannan tsari da ƙira bisa buƙatar mai amfani, wato a fara kallon mutumin da zai zauna gaban na'urar kafin a gina komai. A kan wannan turbar ne aka kafa rukunin da Farfesa Peter Okebukola ke jagoranta domin shirya wa makafi jarrabawarsu.

Sai dai ɓangaren gyaran amsoshi bai samu irin wannan kulawa ba. A watan Mayun 2025, bayan fiye da ɗalibai miliyan 1.5 sun samu ƙasa da maki 200 cikin 400, iyaye suka yi ca. Oloyede ya fito gaban manema labarai yana hawaye, ya amsa cewa kuskure ya shafi ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da Kudu maso Gabas, saboda wani gyaran manhaja da bai isa na'urorin cibiyoyin yadda ya kamata ba. Aka sa su sake zama cikin 'yan kwanaki. Abin dubawa shi ne, a lokacin da sakamakon ya fito, ɗalibin da aka cuta ba shi da wata taga da zai leƙa ya ga abin da na'ura ta rubuta a madadinsa. Hayaniyar jama'a ce ta sa aka buɗe bincike.

Batun ya zo har ƙofar ma'aikatan tarayya, tunda a 'yan shekarun nan jarrabawar ƙarin girma ita ma ta koma kan kwamfuta. Mataimakin darakta da ya shafe shekara ashirin da biyar yana rubutu a fayil da biro zai zauna gaban irin na'urar da ɗansa ya zauna, sakamakon kuma shi zai yanke matakin albashinsa. Jami'in da aka kawo wa takardar kwangilar irin wannan manhaja yana da hurumin tambaya kafin ya sa hannu: an gwada ta da mutanen da za su yi amfani da ita, idan wuta ta ɗauke amsoshi suna nan, kuma wanda bai gamsu da makinsa ba zai iya ganin abin da ya danna?