Bindiga da doka a yankin Ƙwanni: me ake son a tsananta?

1. Gabatarwa

Duk lokacin da aka kai hari a wani ƙauye na kan iyakar Nijar da Nijeriya, sai muhawara iri ɗaya ta taso a gidajen rediyo da majalisun hira. Wasu su ce a ƙara tsananta dokar bindiga, wasu kuma su ce a sassauta ta don talaka ya samu abin kare kansa. A cikin wannan ƴar ƙasida za mu duba muhawarar daga yankin Bazaga, watau ƙaramar hukumar da ke yamma da Birnin Ƙwanni, tare da gundumomin Malbaza da Illela na jahar Tawa. (Sai mai karatu ya lura Illela biyu ne: akwai ta Tawa, akwai kuma ta jahar Sakkwato, wadda ke fuskantar Ƙwanni a ƙetaren iyaka.) Abin da muke so mu nuna shi ne, dokar mallakar bindiga a wannan yanki ta daɗe da tsanani a rubuce, kuma galibin masu jayayya suna amfani da kalma ɗaya alhali abubuwan da suke nufi daban ne.

2. Kalma ɗaya, makamai uku

Kalmar bindiga aro ce daga Larabci, bunduƙiyya, kamar yadda albarushi ya fito daga al-barud, harsashi kuma daga ar-rasas, watau dalma. Wannan kaɗai ya isa ya nuna ta wace hanya makamin ya fara shigowa ƙasar Hausa: ta arewa, tare da fataken hamada, kafin na bakin teku su biyo. A ƙarni na 19 sarakuna suna da rukunin mayaƙa da ake kira ƴan bindiga, yawancinsu bayin sarki, kamar yadda Joseph Smaldone ya yi bayani a littafinsa na 1977 a kan yaƙi a daular Sakkwato. Sarkin Damagaram Tanimun ya shahara da tara bindigogi, har ya sa ana ƙera igwa a cikin birninsa. Ke nan, a wancan zamani ɗan bindiga ma'aikacin hukuma ne. Yau idan aka ce ƴan bindiga sun shiga gari, ba wanda zai zaci dakarun sarki. Ma'anar ta juya gaba ɗaya, kuma juyawar tata ita ce tarihin matsalar a taƙaice.

A bakin mutane, bindiga tana rufe aƙalla abubuwa uku. Na farko bindigar toka, ko adaka, wadda ake yi wa kirari da harba-ka-ruga: maƙeri ne ke ƙera ta, ana ɗura mata albarushi ta baki, in an harba sau ɗaya sai an sake ɗuri. Na biyu bindigar farauta ta kanti, mai cin kwanso ɗaya ko biyu ko fiye. Na uku bindigar yaƙi, wadda aka fi sani da kalashi, mai ɗaukar harsashi 30 a gidanta, tana kuma zazzago su cikin ƴan daƙiƙu. Manomin da ya ce a bar mu da bindigoginmu yawanci ta farko yake nufi. Jami'in da ya ce bindiga ta yi yawa a hannun jama'a ta uku ce a ransa. Kowannensu yana da gaskiya a kan abin da yake nufi, amma ba su haɗu a kan magana ɗaya ba.

3. Abin da doka ta riga ta tanada

Rarrabe bindigogi a doka ya girmi ƙasashen nan biyu. A ranar 2 ga Yuli 1890 ƙasashen Turai da wasu suka sa hannu a kan yarjejeniyar Burusel, wadda aka ce an yi ta don hana cinikin bayi. A cikinta aka taƙaita shigo da makaman zamani a yankin Afirka da ke tsakanin layi na 20 arewa da na 22 kudu, aka bar wa ƴan ƙasa bindiga mai tashi da ƙanƙara da albarushin kasuwa kawai. Ƙwanni tana tsakiyar wannan yanki. Shekara tara bayan haka, a watan Mayu 1899, rundunar Voulet da Chanoine ta auka wa birnin da irin bindigogin da aka hana mutanensa, ta yi kisan da har yau ake tunawa. Muna ambaton wannan ne don a gane dalilin da ya sa kalmar ƙwace makamai ba ta da daɗin ji a kunnen dattawa: tun farkonta, dokar bindiga ta zo ne a matsayin hanyar da mai ƙarfi ke tabbatar da cewa shi kaɗai ke da makamin kirki.

Bayan mulkin kai ba a sauya tushen ba. A Nijar, dokar 1963 ta sa mallakar bindiga a ƙarƙashin izinin ma'aikatar cikin gida, makaman yaƙi kuwa na hukuma ne kaɗai. Faransanci yana bambanta détention, watau ajiye makami a gida, da port, watau fita da shi a jiki. Hausar yau da kullum ba ta cika raba su ba, sai a ce wane yana da bindiga, shi ya sa masu fassara a kotu da gidan rediyo ya kamata su riƙa cewa ajiyewa da yawo da ita. A Nijeriya, dokar makamai ta 1959 ta kasa su gida uku: waɗanda aka haramta, sai da izinin shugaban ƙasa, na kare kai da farauta, sai da izinin babban sufeton ƴan sanda, masu ɗuri ta baki, sai da izinin kwamishinan ƴan sanda na jaha. Abin lura a nan, rabon nan ya yi kusa ƙwarai da wanda muka gani a bakin mutane.

Tawayen arewa na shekarun 1990 ya ƙaro wani mataki. A 1994 Nijar ta kafa hukumar tattara haramtattun makamai, CNCCAI. Bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilu 1995, aka ƙona makamai fiye da 1,000 a Agadas ranar 25 ga Satumba 2000, kamar yadda Mali ta yi a Tambutu a watan Maris 1996. Ƙungiyar CEDEAO ta ayyana dakatar da shigo da ƙananan makamai da ƙera su a Abuja ranar 31 ga Oktoba 1998, sa'an nan ta mai da shi cikakkiyar yarjejeniya ranar 14 ga Yuni 2006, wadda ta fara aiki a 2009. Yarjejeniyar ta hana farar hula manyan makamai kwata-kwata, ta gindaya sharuɗɗan lasisi ga ƙanana (shekaru, rashin laifi a baya, dalili karɓaɓɓe, horo, wurin ajiya), ta kuma bukaci a yi wa kowane makami lamba. Nijar ta fita daga CEDEAO ranar 29 ga Janairu 2025, tare da Mali da Burkina Faso, yayin da Nijeriya ke ciki, don haka ɓangarorin iyakar biyu ba sa zama a inuwar ƙungiya ɗaya kamar da.

Saboda haka, wanda ya ɗauko muhawarar Amurka ya dasa ta a nan ya yi kuskuren wuri. Can, gyara na biyu na tsarin mulki, na 1791, ya sa riƙe makami cikin haƙƙoƙin ɗan ƙasa, kotun ƙoli kuma ta tabbatar a 2008 cewa haƙƙi ne na mutum shi kaɗai; masu neman tsanantawa suna ƙoƙarin rage wani haƙƙi ne da ke akwai. A Nijar da Nijeriya babu wannan haƙƙi tun asali. Hani shi ne ƙa'ida, izini kuwa alfarma.

4. Hujjojin ɓangarorin biyu

Masu neman sassauci suna da hujja mai nauyi, bai kamata mu da ke zaune a birni mu raina ta ba. Sun ce dokar da ta hana mutum makami ta ɗauki alkawarin kare shi, in kuwa ba a cika alkawarin ba, hanin ya zama ɗaure akuya a gaban kura. Daga Zamfara matsalar satar shanu da garkuwa da mutane ta bazu zuwa Katsina da gabashin Sakkwato, dubban ƴan gudun hijira suka ƙetaro jahar Maraɗi tun 2019, daga baya kuma yankin Bangi na gundumar Madawa. A arewacin jahar Tawa, hare-haren 21 ga Maris 2021 a ƙauyukan yankin Tiliya sun ci rayuka 137 bisa lissafin gwamnati. Har masu mulki sun furta wannan ra'ayi: gwamnan Katsina Aminu Bello Masari ya yi kira ga jama'a a 2021 su nemi makamin kare kai, gwamnan Zamfara Bello Matawalle kuma ya sanar a watan Yuni 2022 cewa za a raba takardun neman lasisi 500 ga kowace ɗaya daga masarautu 19 na jahar. Babban hafsan tsaron Nijeriya na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan iko, kuma bisa dokar 1959 gaskiyarsa.

Amsar masu neman tsanani ba a littafi take ba, a abin da ya faru take. Ranar 2 ga Nuwamba 2021, magajin garin Banibangu na jahar Tilaberi ya fita tare da ƴan sa-kai na yankinsa, aka yi musu kwanton ɓauna, mutum 69 suka rasu har da shi. Jarumtar mutanen ƙauye ba ta maye gurbin horo da kayan aiki ba. A jahar Sakkwato kuwa, cikin watan Oktoba na wannan shekara, kisan da aka zargi ƴan sa-kai da yi wa Fulani a kasuwar Mamande ta Gwadabawa ya zo ne kwanaki kaɗan kafin harin kasuwar Goronyo, inda mutum fiye da 40 suka mutu. Inda makami ya shiga hannun ƙungiyar da ba ta amsa wa kowa, rigimar gona da burtali takan koma ta ƙabila, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba ya biya bashin.

Misalin da ya fi kusa da Bazaga shi ne na Lakurawa, a ƙananan hukumomin Tangaza da Gudu. Rahotanni sun nuna cewa tun wajen 2017 wasu shugabannin al'umma ne suka yi maraba da waɗannan mutane masu makamai don su kore musu ɓarayin shanu. Ba a daɗe ba sai masu gadi suka fara karɓar zakka da ƙarfi suna yanke hukunci, har rundunar sojan Nijeriya ta bayyana su a fili a watan Nuwamba 2024. (Ana danganta sunan da kalmar Faransanci les recrues, sababbin ɗauka, da aka liƙa mata ɗafin jam'i -awa, in haka ne, sunan da kansa ya ƙetare iyaka.) Mutanen Tangaza ba su rasa bindiga a kusa da su ba. Abin da suka rasa shi ne ikon ce wa mai riƙe da ita ya tafi.

Jahohin Katsina a 2023, da Zamfara da Sakkwato a 2024, sun bi hanya ta tsakiya: suka kafa rundunonin tsaron al'umma da doka, da albashi, da kaki. Burkina Faso ta riga su da dokar ƴan sa-kai ta Janairu 2020, kuma zarge-zargen kisan farar hula da suka biyo baya sun nuna cewa rajista ita kaɗai ba ta isa ba in babu kotun da za ta hukunta mai kaki.

5. Inda tsanantawa za ta yi amfani

A ganinmu, tambayar da ta dace ita ce daga ina bindigar yaƙi take fitowa. Faɗuwar gwamnatin Gaddafi a 2011 ta buɗe rumbunan makaman Libiya. Binciken da cibiyar Conflict Armament Research ta fitar a 2020, a kan makaman da aka kama a Katsina da Zamfara da Kaduna, ya gano wasu daga rumbunan Libiya, wasu daga na sojan Kodibuwa, wasu daga na jami'an tsaron Nijeriya kanta, ga kuma bindigogin farauta da aka shigo da su daga Turkiyya ta tashar jirgin ruwan Legas. Babu ɗaya cikin waɗannan hanyoyi da ƙarin sharaɗi a kan takardar lasisi zai toshe, domin mai kalashi a daji bai taɓa cika takarda ba. Ƙarin sharaɗin zai sauka ne a kan maharbi da maƙeri, su da jandarma ya san ƙofar gidansu.

Iyakar ƙasashen biyu ta kai kimanin kilomita 1,500, kuma duk wanda ya san hanyoyin babur tsakanin Ƙwanni da Illelar Sakkwato ya san ba shingen duwan ne ke tantance abin da ke wucewa ba. Abin da hukuma ke da cikakken iko a kansa shi ne rumbunta: a yi wa kowace bindigar soja da jandarma da ɗan sanda lamba, a riƙa ƙirga su, a bi sawun wadda ta ɓace har a san hannun da ta fita. Haka nan harsashi. Kalashi takan yi shekara 30 ko 40 tana aiki, amma harsashi ƙarewa yake yi, dole a sake sayowa, kuma maƙerin ƙauye ba ya iya ƙera shi. Yarjejeniyar 2006 ta sa harsashi cikin abubuwan da ake sa wa ido, sai dai masu muhawara a rediyo ba su cika ambatonsa ba.

Bindigar toka kuwa, ya fi kyau a san da ita a rubuce ta hannun hakimai da sarakunan maharba, da a tura ta ƙarƙashin gado. CNCCAI ta taɓa gwada karɓar makamai a madadin ayyukan raya ƙasa a yankin Gigimi a farkon shekarun 2000, bayan an yi sulhu da ƴan tawaye. A kan iyakar Ƙwanni da Sakkwato ba a kai ga irin wannan sulhu ba tukuna, kuma manomi ba zai miƙa adakarsa ba muddin yana kwana da kunne ɗaya a buɗe.