Yadda Baƙuwar Tururuwa Ta Sauya wa Zaki Abinci a Kenya

A gandun dajin Ol Pejeta da ke yankin Laikipia na ƙasar Kenya, zakuna sun rage cin jakin dawa sun koma farautar ɓauna. Da masana suka bi diddigin lamarin, sai sawu ya kai su ga wata 'yar tururuwa mai ƙaton kai, baƙuwa ce da ta mamaye yankin tun farkon shekarun 2000.

Itacen da ya fi yawa a dajin wani ne mai ƙaya, dangin farar ƙaya, kuma yana da masu gadi. A gindin ƙayoyinsa akwai kumburi mai rami a ciki, nan tururuwar gida ke kwana tana hayayyafa, tana shan ruwan zaƙin da ganyen ke fitarwa. Ladan da take biya shi ne cizo. Da giwa ta miƙo hanci za ta karya reshe, sai masu gadin su yi mata ca, su shige cikin hancin suna gartsa mata cizo, dole ta haƙura ta yi gaba. Duk girman giwa, hancinta ba ya jure wannan.

Baƙuwar kuwa da ta zo, sai ta kashe masu gadin, ta cinye ƙwayayensu da 'ya'yansu. Ita a ƙasa take zama, ko giwa za ta tumɓuke itacen ba ruwanta.

Wani bincike da Douglas Kamaru na Jami'ar Wyoming ya jagoranta, wanda mujallar Science ta buga a watan Janairun 2024, ya nuna cewa inda baƙuwar ta mamaye, giwaye na karya itatuwa ninki 5 zuwa 7 fiye da sauran wurare. Daji ya zama fili fetal. Zaki kuwa da kwanton ɓauna yake ci, in babu wurin laɓewa, jakin dawa na hango shi tun daga nesa ya cika wandonsa da iska.

Tsakanin 2003 da 2020, kason jakin dawa a cikin dabbobin da zakuna suka kashe ya faɗo daga kashi 67 cikin 100 zuwa 42, na ɓauna ya tashi daga sifili zuwa kashi 42. Farautar ɓauna ba wasa ba ce, tana iya halaka zaki da ƙahonta. Yawan zakunan dai bai ragu ba. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne itacen kansa, domin ganyensa ne babban abincin raƙuman dawa da baƙaƙen karkandar da aka killace a gandun.