Bororon Hammata da Maganin Hasken Leza

Daga Maris zuwa Mayu, zafin Tambuwal da Kebbe kan haura digiri 40, kuma a lokacin ne wata cutar fata ke tsananta. Bororo ya fito a hammata, matsematsi, wuya ko ƙarƙashin nono, ya fashe, wurin ya tsattsage yana tsiyayar ruwa da wari. Ya lafa, ya sake dawowa, shekara da shekaru. Likitoci na kiranta Hailey-Hailey, sunan wasu likitoci 'yan'uwa biyu a Amurka da suka bayyana ta a 1939.

Ba ta yaɗuwa ta taɓa jiki ko tufafi. Gado ce. Ƙwayar halitta mai suna ATP2C1, wadda ke daidaita sinadarin kalsiyam a fata, ita ke samun tangarɗa, sai ƙwayoyin fatar su kasa riƙe juna. Gumi da gogayya su ƙarasa raba su. Idan uwa ko uba na da ita, kowane ɗa na tsakanin gadonta da tsira, rabi da rabi.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake ɗaukarta makero. Mai ciwon, saboda kunyar wurin da ta kama, ya wuce kemis ya sayi man shafawa mai sitiroyid, ya yi ta shafawa ba ƙa'ida har fatar ta yi sirara, ƙwayoyin cuta su samu ƙofa.

Inda magunguna suka gaza, ana amfani da lezar iskar kabon, wadda Kumar Patel ya ƙirƙiro a 1964. Bayan allurar kashe zafi, hasken ya ƙone saman fatar da ta lalace, a bar tushen gashi da na gumi, daga nan sabuwar fata ta tsiro cikin 'yan makonni. Wurin da aka yi wa aikin kan daɗe bai sake fashewa ba, amma gadon na nan a jiki. Baƙar fata kuma tana buƙatar ƙwararren hannu, don wurin na iya yin fari ko duhu, ko tabon ya yi tudu.

Kafin zancen leza, sai an tabbatar da cutar. Likita a babban asibitin Tambuwal zai iya tura mai ciwon Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, a yanki 'yar ƙaramar fata a duba. Kafin nan, tufafin auduga masu walawa da busar da wurin bayan wanka suna rage azabar.