Ƙofar Shiga Sana'ar Wayarin Ga Wanda Bai Taɓa Riƙe Filaya Ba

Duk wanda ya ratsa Ƙauyen Alu a Kano, ya ɓulla Gyadi-Gyadi ko Tarauni, ya ga yadda ake rushe tsofaffin gidaje ana tayar da benaye da shaguna, ya kuma lura da faifan sola da ke ta yawaita a bisa rufi, ba ya bukatar wata hujja kafin ya gaskata cewa mai wayarin na cikin waɗanda Allah Ya buɗe wa ƙofar arziki a wannan zamani. Abin da ke ɗaure wa matasa kai shi ne ta inda za su shiga, alhali ba su gaji sana'ar ba.

A Amurka ɗaya daga cikin ƙofofin shiga ita ce ƙungiyar ma'aikatan lantarki ta IBEW, wadda aka kafa a 1891. Saurayi ya nema a rubuce, a jarraba shi a lissafi da fahimtar karatu, a gana da shi, in ya dace ya yi kimanin shekara biyar yana koyo ana biyansa. A Kano kuwa ƙofar farko mutum ce, wato maigida. Uba ko kawu ne zai kama hannun yaro ya kai shi wurin gwanin da aka shaida da amana, a yi sharaɗi a gaban shaidu, domin wanda za a riƙa shiga da shi har ƙuryar ɗakunan mutane, asalinsa da tarbiyyarsa ake fara tambaya kafin basirarsa.

Watannin farko na jarraba haƙuri ne: ɗaukar tsani, fasa bango don binne bututu, jan waya, da aike zuwa Sabon Gari sayen soket da makunni. A cikin wannan hidima, wadda mai gaggawa kan ɗauka wulaƙanci ce, ake sanin cewa waya mai milimita 1.5 ta fitilu ce, mai 2.5 ta soket, kuma wanda ya ɗora na'urar sanyaya ɗaki a kan siririyar waya ya gayyato gobara da hannunsa. A nan ne kuma ake cusa wa yaro ƙa'idar da babu rangwame a cikinta, cewa ba a taɓa waya sai an kashe wuta an kuma tabbatar da testa, tun da gidan da ke da layin kamfanin wuta na KEDCO da janareta da inbata, wuta na iya zuwa masa ta fuska uku.

Sai dai yaye daga hannun maigida, duk da albarkarsa, ba ya wadatarwa a gaban hukuma. Kamar yadda ɗalibin zaure yake neman ijaza bayan ya sauke littafi, haka ya wajaba mai koyo ya nemi shahada. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana shirya jarrabawar gwajin sana'a mai daraja uku, ana farawa daga ta uku a hau zuwa ta ɗaya. Hukumar NABTEB tana ba ɗaliban kwalejojin fasaha, irin ta Kano da ta Bagauda, takardar kammalawa. Asusun ITF, da aka kafa a 1971, da hukumar NDE, su ma suna horar da waɗanda ba su san komai ba tun daga tushe. Daga nan sai lasisin NEMSA, hukumar da dokar 2015 ta ɗora wa alhakin tantance masu haɗa wuta, sannan shiga ƙungiyar 'yan kwangila masu lasisi ta LECAN, inda ake sanin juna, ake kuma jin labarin manyan ayyuka.

Saboda haka nasiharmu ga iyaye ita ce su binciki maigidan kafin su ba da ɗansu, su tambaya ko yana da lasisi, ko yana sakin yaransa idan sun ƙware, kada kuma su cire yaro daga makaranta da sunan sana'a, domin wanda bai iya lissafin nauyin da waya za ta ɗauka ba, ko ya shekara goma a bakin aiki, ɗan aike zai zauna a ƙarƙashin wanda ya iya.