Buɗaɗɗen Tsarin Wallafa da Makomar Nazarin Hausa a Karkarar Kano

Buɗaɗɗen tsarin wallafa shi ne sanya sakamakon bincike a intanet ta yadda kowa zai karanta shi, ya sauke shi, ya kuma yaɗa shi ba tare da biyan kuɗi ba, muddin ya ambaci sunan marubucin. Tsarin ya yi ƙarfi bayan sanarwar Budapest ta 2002, har ya kai ga masana harshe sun kafa madaba'ar Language Science Press a Jamus a 2014, wadda ke sakin littattafanta kyauta.

Wannan batu ya shafi Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero da ke Kano, wadda aka kafa a 1969, take fitar da mujallar Harsunan Nijeriya, ta kuma wallafa Ƙamusun Hausa a 2006. Irin aikin da cibiyoyi makamantanta ke yi ya dogara ne da bakin jama'a, domin sunayen ire-iren gero da dawa, da kalmomin gandu da gayauna, wato gonar gida ta haɗaka da 'yar gonar da mutum ke noma wa kansa, ana tattaro su ne daga manoma irin na Bichi da Ɗambatta da Makoɗa da Kunchi, inda gonaki ke manne da juna, ake noma su shekara da shekaru ana ciyar da su da taki. Amma mujallar takarda, da yake kwafi kaɗan ake bugawa, takan tsaya a ɗakin karatu na jami'a, ta yadda malamin Hausa a makarantar ƙauye, wanda watakila daga bakin kakansa aka ɗauko kalmomin, ba ya ganin abin da aka rubuta a kansu.

Sai dai cire farashi daga kan mai karatu bai kawar da tsadar aikin ba, domin tacewa da tsara shafi da ajiya duk kuɗi suke ci, kuma mujallu da dama sun mayar da wannan nauyi kan marubuci, suna karɓar kuɗin wallafa da dala, abin da ya fi ƙarfin albashin yawancin malaman jami'o'in Nijeriya. Tsarin da ya fi dacewa da cibiyar gwamnati shi ne ta ɗauki nauyin da kanta, ta kuma yi amfani da rumbuna irin su African Journals Online, wanda ke tara mujallun Afirka tun 1998.

Akwai kuma shingen da ya fi kuɗi wuyar ƙetarewa, wato harshe da sigar rubutun. Maƙalar da aka rubuta da Ingilishi a kan karin Hausar Kano rufaffiya ce ga mafi yawan masu wannan karin ko da an bayar da ita kyauta, haka ma hoton shafi mai nauyi wanda ƙaramar waya ba ta iya buɗewa sai ta cinye data mai yawa. Saboda haka ne ake bukatar kowace maƙala ta zo da taƙaitawa da Hausa, a rubuta ta da haruffa masu lanƙwasa yadda na'ura za ta gane su idan an nema, a kuma sa mata lasisin da zai ba malami ko gidan rediyo damar ɗauka ba tare da neman izini ba.