Kafin ka kawo dabba gida: Amanar da ke wuyan sabon mai kiwo

  

Duk wanda ya shiga kasuwar Laraba ta Dutsin-Ma, ya ratsa ɓangaren masu kaji da tsuntsaye, zai ga samari da yara sun kewaye kejin tantabaru da zomaye ana ciniki. Da yamma wasu su kama hanyar Kurfi da ƙauyukan kewaye, kowa rungume da kwalinsa. Akwai kuma ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, da na Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, waɗanda wasunsu kan ajiye kyanwa ko zomo a ɗakunan haya domin ɗebe kewa.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne tambayar da wani magidanci ya yi mana bayan sallar Magariba. Ya saya wa ɗansa zomaye biyu, yaron ya tafi hutu wurin kakanninsa, aka manta da su a cikin akurki kwana uku a tsakiyar bazara, aka tarar sun mutu. Ya ce: "Malam, akwai alhaki a kanmu?" Muka ce masa yaron bai balaga ba, ba a rubuta masa zunubi. Amma shi da ya saya ya shigo da su gidansa, shi ne amanar ta rataya a wuyansa, sai ya nemi gafarar Allah, ya kuma gyara nan gaba.

Halas ne, amma da sharaɗi

Ajiye dabba domin sha'awa halas ne a asalinsa. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas ɗan Malik (RA) cewa yana da ƙane da ake yi wa alkunya da Abu Umair, wanda yake da ɗan tsuntsu yana wasa da shi, kuma Manzon Allah (SAW) yakan tambaye shi labarin tsuntsun cikin raha. Malamai sun kafa hujja da wannan a kan halascin tsare tsuntsu, matuƙar ana ciyar da shi ba a azabtar da shi.

Sai dai littattafan nan biyu sun kuma kawo labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa: ta tsare ta, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba, har ta mutu. Darasin a fili yake. Dabbar da ke yawo a daji tana neman abincinta da kanta. Daga ranar da ka rufe mata ƙofa, cinta da shanta sun zama wajibi a kanka. Malaman Malikiyya sun ambaci ciyar da dabba a babin ciyarwa ta wajibi, kuma wanda ya ƙi, hukuma na iya tilasta masa ya ciyar ko ya rabu da ita. Saboda haka kafin ka tambayi farashi, tambayi kanka: ina da abin ciyar da ita kullum? Ina da wurin ajiye ta? Wa zai kula da ita idan na yi tafiya?

Tantabara da zomo

Ga mai farawa, tantabara ce ta fi sauƙi. Namiji da mace sun isa. Abincinsu gero da dawa da ruwa mai tsabta, sai ɗaki mai iska da aka ɗaga daga ƙasa saboda ɓeraye da kyanwa. Takan yi ƙwai biyu, ta ƙyanƙyashe cikin kwana 18 ko kusa da haka. A zaɓi mai kuzari, idonta garau, gashinta a kwance. Sabuwar da aka sayo a ware ta mako biyu kafin a haɗa ta da kajin gida, musamman da hunturu lokacin da annobar kaji ke yawaita.

Amma muna jan kunnen matasanmu. Abu Dawud ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya zargi wani mutum da ya gani yana bin tantabara, kuma malamai sun fassara shi da wanda wasan ya shagaltar. Wanda tantabara ta hana shi sallar jam'i ko makaranta, ko yake hawa rufin ɗaki yana leƙa gidajen maƙwabta, ko yake janyo tsuntsayen wasu ya riƙe, ko yake caca da tashinsu, ya fita daga halas.

Zomo kuwa ba ya jure zafi, kuma mun san yadda rana take a yankinmu a watannin Maris da Afrilu. A ajiye shi a inuwa, kada a ƙarƙashin kwano tsurarsa. A ba shi harawa da ganyen dankali da dusa, ruwa kuma kada ya yanke, domin maganar da ake yi cewa zomo ba ya shan ruwa kuskure ce. Kada a ɗaga shi ta kunne. Macen tana haihuwa bayan kwana 31 ko kusa da haka, wanda ya haɗa biyu ya shirya wa goma.

Kyanwa ba mayya ba ce

Har yanzu a wasu unguwanni yara na jifan kyanwa, musamman baƙa, wai mayya ce ko aljana. Wannan camfi ne, kuma zalunci ne. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Abu Ƙatada (RA) ya karkata wa kyanwa ƙwaryar ruwan alwalarsa ta sha, ya kuma bayyana cewa Annabi (SAW) ya kore mata najasa domin tana cikin masu kai-kawo a gidajenmu. Sahabin da ya fi kowa ruwaito hadisi, Abu Huraira (RA), daga 'yar kyanwa ya samo alkunyarsa.

Mai son kyanwa ya sani ba ta rayuwa da tuwo zalla, tana bukatar nama ko kifi. Kada a raba jaririyar da uwarta kafin ta kai mako 8. A tanadar mata kasko da yashi don bayan gida, a riƙa zubarwa kullum, mai juna biyu kuma ta bar wa wani wannan aikin, saboda akwai cutar da ke cikin kashin kyanwa mai illa ga ɗan tayi. Kada a ba ta farasitamol ko da ɓari ne, guba ne a gare ta. A kuma yi hattara da maganin ɓera. Kyanwa na iya wuce shekara 12 a raye, don haka ɗalibin da zai gama karatu bayan shekara 4, ko yake kulle ɗaki ya tafi hutu, ya fara sanin hannun da zai bar ta.

Kare: don bukata, ba don ado ba

Hukuncin kare daban ne. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wanda ya ajiye kare ba don farauta ko tsaron dabbobi ko gona ba, ana rage masa lada kowace rana. Malamai da dama sun yi ƙiyasin tsaron gida a kan waɗannan idan bukata ta tabbata. An ma hakaito cewa Ibn Abi Zaid Alƙairawani, mai littafin Risala da muke karantawa a zaurukanmu, ya ajiye kare a gidansa lokacin da tsoro ya yawaita a zamaninsa. Mutanen ƙauyukan Kurfi da Dutsin-Ma da suka sha fama da 'yan bindiga da ɓarayin shanu ba sa bukatar a yi musu bayanin amfanin haushin kare da tsakar dare.

Wanda ya ajiye shi saboda wannan, ya yi masa wuri a waje ko kusa da garke, kada ya shigar da shi ɗaki. Ya ware masa kwanonsa. Kada ya ɗaure shi a rana, kada ya bar shi da yunwa wai don ya ƙara zafi. Mu tuna an gafarta wa wani mutum saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa.

Babban haƙƙin maƙwabta a nan shi ne rigakafin ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, da wuya ya tashi. Ana yi wa kwikwiyo allura yana da wata 3, a riƙa maimaitawa bisa shawarar likitan dabbobi, kyanwa ma haka. Idan kare ya ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, a garzaya asibiti a ranar. Neman magani ba ya karo da tawakkali, kuma wanda ya yi sakaci har karensa ya cutar da ɗan maƙwabci, ba zai kuɓuta daga alhaki ba.

Game da aku mai jar wutsiya, muna ba mai farawa shawara ya haƙura. Daga daji ake kamo shi, yana iya shekara 40 a raye, kuma tun 2017 yarjejeniyar duniya ta hana cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe saboda ƙarewar da yake yi.

Nasiha ga iyaye

Kiwo makaranta ce ga yaro. Wanda ya saba tashi da asuba ya zuba wa tsuntsunsa ruwa kafin ya karya, yana koyon tausayi da riƙon amana. Amma kada uba ya saya ya juya baya. Ya riƙa leƙa akurkin da kansa, ya kai marar lafiya asibitin dabbobi, ya hana yara azabtarwa da sunan wasa. Idan kuma nauyin ya fi ƙarfin gidan, a sayar da abin da ake sayarwa, a yanka abin da ake ci, ko a ba wanda zai iya. Wannan ya fi a jefar da 'ya'yan kyanwa a bola cikin buhu.

Magidancin nan ya dawo mana bayan wasu makonni, ya ce ya sake saya wa yaron tantabaru biyu, amma a wannan karon shi ne mai duba ruwansu kafin ya fita masallaci. Allah Ya sa mu fita haƙƙin duk abin da Ya damƙa a hannunmu, mai magana da marar magana. Allah ne Mafi sani.