Me ya sa ake nazarin finafinan ban tsoro a jami'a?

A karar Dei-Dei da ke Abuja na tashi, inda Baba ke sayar da shanu, don haka jini ba baƙona ba ne. Amma ranar da na tarar da ƙanena yana kallon fim ɗin yankan mutane a waya, sai da tsikar jikina ta tashi. Da na ji wai akwai malaman jami'a da ke nazarin irin waɗannan finafinai, na ce wannan ai ɓata boko ne. Na bi diddigi, ga abin da na gano.

Ashe ba jinin suke kallo ba. Tambayarsu ita ce: mene ne mutanen da suka yi fim ɗin suke tsoro? Dodon nan Godzilla ya fito a Japan a 1954, shekara tara bayan bam ɗin Hiroshima. A nan gida, Living in Bondage na 1992, wanda aka yi da harshen Ibo, labarin mutum ne da ya sadaukar da matarsa don tsafin kuɗi, kuma ya fito ne lokacin da matsin tattalin arziki ya gallabi 'yan Najeriya.

Sai batun iyaka. A 1980 wani ɗan Italiya, Ruggero Deodato, ya fitar da Cannibal Holocaust, har sai da ya gurfana a kotu. Kisan mutanen da ke ciki dabara ce, amma dabbobin da gaske aka kashe su. Wannan ya tsaya mini a rai. Mu da bismillah da wuƙa mai kaifi muke yanka, kuma don a ci. Su don kyamara kawai.

Irin wannan sani ake buƙata a hukumar tace finafinai ta ƙasa, NFVCB, mai hedkwata a nan Abuja. Ita ke sa wa fim alamar shekaru, kamar 18, kuma a 2024 ta sanar da hana ƙawata tsafin kuɗi a finafinai.

To amma hukuma ba ta shiga wayar yaro. Ku 'yan uwa da ke Legas, Ibadan da Fatakwal, wannan aikinmu ne. Ni ban ƙwace wayar ƙanena ba. Zama na yi na tambaye shi abin da ya gani, na nuna masa wanne ne dabara, wanne ne zalunci. Allah ya shirya mana zuri'a.